Ranar Da Na Kewaya Maƙabartar Zurmi Da Jirgi

Edita, lokacin da wannan abu ya same ni, ni matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen Ƙaurar Namoda, ɗan tsohon magatakardan kotu, mai girman kan da ya fi ƙarfin wuyansa. Jiharmu ta Zamfara sabuwa ce fil, ba a kuma daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa yana jin kamar yau aka fara duniya. A cikin wannan zumuɗi ne wani attajirin Shinkafi, wanda ba zan kama sunansa ba don bai cuce ni da komai ba, ya ɗauki nauyinmu mu biyu, ni da wani abokina ɗan Zurmi, muka je makarantar koyon tuƙin jirgin sama muka dawo da ƙaramin lasisi. Shi ƙaramin lasisi yana ba mutum damar tuƙa ƙaramin jirgi, amma ba a ɗaukarsa aiki da shi. Babban lasisi kuwa ba a ko sauraron mai nemansa sai ya tara awannin da hukuma ta ƙayyade yana riƙe da jirgi a sama. Waɗannan awanni su ne gonar matuƙi, su ne shanunsa, kuma a kansu ne na yi asarar abin da har yau ban mayar ba.

Abokin nan nawa ba abokin hanya ba ne. A gidansu na zauna shekara uku lokacin da nake makarantar sakandare a Zurmi, ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Mahaifiyarsa Inna nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai ɗana. Ta san ina son ƙanzon tuwon dawa, don haka kullum sai ta ɓoye mini shi a ƙarƙashin faifai kada ɗan cikinta ya riga ni. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada mai karatu ya ce ban san girman abin da na yi daga baya ba. Na sani sarai.

Alhaji, wato attajirin nan, ya sayi wani tsohon ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, ya share fili na jar ƙasa a bayan Ƙaura, mu ne matuƙansa. Mu kai shi Sakkwato, mu kai shi Kano, mu dawo da shi. In damina ta ja baya gero ya fara nuna, sai ya ba da aron jirgin mu riƙa bin fadamu daga Banga har Jangeru muna neman inda tsuntsayen jan-baki ke kwana, mu kai wa masu feshi labari kafin su cinye wa talakawa wahalarsu. Ƙa'idar aikin ita ce, ko mu biyu ne a ciki, mutum ɗaya ne mai jirgi a kowace tafiya, shi ke rubuta awannin a littafinsa. Sai muka yi yarjejeniya irin ta 'yan'uwa, zuwa nawa dawowa nasa, gobe a juya. Kowa da littafinsa na tashi da sauka, wanda matuƙa ke ce wa logbuk. Ranar da na kawo nawa gida sabo, Baba ya ɗauko alƙalaminsa na kara da tawadarsa ya rubuta mini a shafin farko ayar da ake karantawa in za a hau abin hawa, da rubutunsa mai kyau wanda alƙalai suka yi shekara talatin suna yabo.

To a nan matsalata take. Baba mutum ne da ya yi aikinsa har ya gama ba a taɓa ganin inda ya soke kalma ya sake wata ba, ni kuwa littafina kamar inda kaji suka yi tono. Matuƙa ba sa aiki da agogon gida, akwai agogon duniya da kowa ke bi, wanda namu ya riga shi da awa ɗaya. Wannan awa ɗaya ta zame mini ƙarfen ƙafa. Sai na rubuta lokacin tashi da na gida, na sauka da na duniya, in na zo haɗawa abin ya ƙi, sai in ja layi in sa hannu in gyara a gefe. Abokina ya samu abin tsokana, kullum sai ya ce ɗan magatakarda guda amma littafinsa ko mai koyon babbaƙu ba zai yarda a ce nasa ba ne. Ina dariya a fuska, amma abin yana cina. Har na daina buɗe littafin a gaban Baba.

Ana nan sai wani tsohon kyaftin da ke zuwa lokaci lokaci yana duba mu ya zo da faifan kwamfuta guda biyu daga wata tafiya da ya yi. Ya ce yanzu a waje matuƙa sun fara zuba awanninsu a kwamfuta, ita ke haɗa jimla, ita ke raba na rana da na doguwar tafiya, a danna kawai ta fito a takarda tsaf. Ya ce manhaja biyu ce, mu zaɓi ɗaya. Ta farko in ka shigar da tafiya ka tabbatar, ta kulle ke nan, ko kai mai ita in ka dawo gyara sai ta bar tsohon rubutun da jan layi a kai, ta rubuta ranar da aka taɓa. Ta biyu kuwa ruwan sanyi ce, ka goge, ka sake, ka ɗauke layi daga nan ka kai can, ba wanda zai san an yi. Kyaftin ya ce in shi ne, ta farko zai ɗauka, kuma ko wacce muka ɗauka kada mu kuskura mu saki littafin takarda. Abokina ya ɗaga kafaɗa ya ce ni ne babba da wata huɗu, in zaɓa. Ina jin an ce jan layi sai na ga shafukan littafina a idona. Na ce ta biyu. Kyaftin ya dube ni ya sake tambaya, na ce ta biyu, ita ta fi sauƙi. Ba sauƙi nake nema ba, wurin ɓoye kuskurena nake nema.

Kwamfutar a ofishin Alhaji take a Ƙaura. Ni da yatsa ɗaya nake dannawa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, shi kuwa ya yi kwas, hannunsa gudu yake. Sai ya zama in mun sauka in faɗa masa da baki shi ya shigar mana duka, ni ina tsaye ina shan ruwa. Wata biyu na ci gaba da rubuta na takarda, daga nan na gaji. Na kai shi ɗakin mahaifiyata na jefa cikin wani kwali a ƙarƙashin gado tare da tsofaffin takardun makaranta, na ce an wuce wannan zamani.

Akwai wata rana guda a cikin wannan shekara da dole in ba da labarinta, don a kanta komai ya juya. Da safe ne, gero ya nuna, masu feshi suna jiran mu duba musu fadamar Jangeru, kuma ranar abokina ne ya kamata ya tuƙa. Ina gewaya jirgi ina dubawa sai ga mai babur daga Zurmi ya ce mahaifin abokina ya rasu da asuba, shi abokin nawa yana can, za a yi jana'iza da hantsi. Na so in bar komai in tafi, amma Alhaji ya ce jan-baki ba sa jiran makoki, in je in dawo in tafi gaisuwa. Na tashi ni kaɗai, na yi ta bin fadama har na ga inda suke, baƙi ƙirin a kan bishiyoyi. Da zan dawo sai zuciyata ta ƙi miƙe hanya, na karkata ta Zurmi. Daga sama na hango maƙabarta, mutane fari fat sun yi da'ira. Na rage gudu na sauko ƙasa ƙasa na kewaya su sau ɗaya, na karkata fiffike, ina kuka ni kaɗai a cikin jirgi. Na ga kawuna sun ɗaga. Wannan ita ce gaisuwata ga mutumin da ya riƙe ni kamar ɗansa, kuma saboda ratsen da na yi, tana cikin tafiye-tafiye mafi tsawo da na taɓa yi a wannan jirgi.

Bayan shekara guda Alhaji ya gaji da kashe wa jirgin kuɗi, ya sayar da shi ga wani mutum a ƙetaren iyaka, takardun jirgin suka bi shi. Amma ya yi mana hanya a wani kamfani, aka ce suna da gurbi ɗaya, duk wanda awanninsa suka cika ya nemi babban lasisi su ɗauke shi. A lissafina na fi shi, domin duk lokacin makoki da na ciwon da ya yi bayan nan ni nake tashi. Muka je ofis ya buga mana takardunmu. Na duba jimlata, na duba tasa. Tasa ta cika har ta yi rara, tawa ko kusa ba ta yi ba. Na ce masa akwai kuskure. Ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, abin da nake faɗa masa shi yake shigarwa, kuma kowa ya san ni da lissafin lokaci ba ma ga maciji. In ina da ja, in kawo littafina na takarda a gwada.

Na ruga gida na shiga ɗakin mahaifiyata na jawo kwalin, ba komai a ciki. Ta ce ai tun tsakiyar damina gara ta shiga ta cinye rabin takardun. Da ta ga littafin da ke da aya a shafin farko ya zama gari gari, sai ta ji tsoron kada a taka sunan Allah, ta kai wa Baba, ya ce a yi masa abin da ake yi wa irinsa. Ta ƙone shi a cikin tsabtataccen kasko, ta haƙa rami a gindin bango inda ba a bi ta binne tokar. Tana faɗa mini tana jiran in gode mata. Ta ƙara da cewa ai ni da bakina na ce komai yana cikin na'ura. Na zauna a ƙasa a tsakar ɗakin. Ba ta yi laifi ba, ko yau aka sake haka za ta yi, kuma daidai ne. Ko da bai cika ba, da littafin nan yana nan da an ga watannin farko sun saɓa da takardarsa, da ƙaryarsa ta fito tun ranar.

Baba ya hana ni zuwa kotu. Ya ce ya yi shekara talatin yana rubuta shari'a, bai taɓa ganin fushi ya tsaya a matsayin shaida ba. Ban ji ba. A lokacin kowa yana cewa yanzu gaskiya ta samu gida, ni ma na ɗauka da na buɗe baki za a gane. Alƙali ya saurare ni da kyau, ya ce hujja a kan mai ƙara take, ina shaiduna. Wa zan kawo? Manomin Banga da ke duƙe a gonarsa yana ganin jirgi ya wuce, amma ba ya ganin hannun wa ke riƙe da shi. Aka juya ga abokina aka ce zai rantse, na yi tsammani a nan zai tsaya. Ya fita ya yi alwala, ya dawo ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya rantse cewa duk abin da ke takardarsa shi ya tuƙa. Ina kallonsa. Mutumin da muka ci akushi ɗaya. Aka kori ƙara, aka miƙo mini kwafin takardarsa da ya gabatar, na naɗe na sa a aljihu. Ban san dalilin da ya sa ban yayyaga ta ba, sai daga baya na gane Shaiɗan ne ya ce in ajiye.

Abokina ya samu babban lasisi, ya samu aiki. Ni kuwa na ƙare a koyar da lissafi a wata firamare a Sakajiki, ina bin hanyar daji a kan babur, ni da na saba ganin hanyar nan daga sama kamar zare. In ya zo Zurmi hutu sai labari ya iso mini cewa ya zo da farar riga mai igiya a kafaɗa, yara na bin motarsa. Wasu har tsokanata suke su ce Malam yaushe za a tashi. Shekara biyu ina ɗauke da takardar nan a jakata. In yara sun fita tara sai in buɗe ta in bi layi layi kamar mai wuridi, in ce wannan tawa ce, wannan ma tawa ce. Ban yi addu'ar Allah ya huce mini zuciya ba ko sau ɗaya. Addu'ata ita ce Allah ya nuna mini inda ya yi tuntuɓe.

Ranar da na gani, ina zaune a gindin dalbejiyar makaranta. Wani layi ne da na wuce shi sau ɗari: Ƙaura zuwa Jangeru zuwa Ƙaura, matuƙi shi kaɗai, lokacin kuma ya fi na sauran tafiye-tafiyen Jangeru tsawo. Na tambayi kaina me ya sa wannan ta fi tsawo, sai na tuna ratsen Zurmi. Ita ce. Da ya zauna sata, dogayen ya bi yana ɗauka, bai dubi rana ba. Ko ya duba ma ba za ta ce masa komai ba, domin kwamfuta da kwanan watan bature take rubutu, shi kuwa, kamar kowannenmu, ranar mutuwar ubansa da watan Musulunci ya riƙe ta. Ya rantse da Allah cewa yana sama a kan Jangeru a daidai lokacin da rabin Zurmi suke kallonsa yana zuba wa mahaifinsa ƙasa. Na yi dariya har wani malami ya leƙo ya tambaye ni lafiya.

Abin da ya rage shi ne in tabbatar da ranar daga bakin da ba mai ƙaryatawa. Zan iya zuwa wurin liman, zan iya zuwa wurin maƙwabta, kuma daga baya na je. Amma zuciyata ta ce a'a, daga cikin gidansa nake son wuƙar ta fito. Na sayi goro da sabulu, na ɗauki malamai biyu abokan aikina na ce su raka ni gaisuwa, ban gaya musu shaidu na mayar da su ba. Inna da ta gan ni sai ta fashe da kuka. Ta ce ta ji an yi rigima tsakanina da ɗan'uwana, ba ta san kan ta ba, amma ta san Shaiɗan ne, kuma ta san wata rana zan dawo. Ta sa aka kawo fura, ta shiga da kanta ta kankaro mini ƙanzo. Ina ci na jawo hirar marigayi, na ce ina son in riƙa yi masa sadaka duk shekara amma ranar ta ɓace mini. Ta ce, "Haba ɗana, mi za shi mantar da ni wagga rana? Talata ta, kwana tara ga watan azumin tsofaffi. Ina cikin ɗaki nij ji ƙugin jirgi bisa kaina, anka ce mini kai na kaz zo gaida babanka, ɗan'uwanka shina tsaye bakin kushewa shina kuka. Dut Zurmi an gani." Ta ce tun ranar ba ta taɓa sallame salla ba tare da ta sa ni a addu'a ba saboda wannan kewayen. Na ce amin, na cinye ƙanzon, na fito. Na duba tsohuwar kalandar Baba mai kwanan wata biyu, ranar ta faɗa daidai kan layin.

Ko a nan ban aika ba. Na jira. Na ji labari cewa kamfaninsu zai yi jigilar alhazai, yana cikin waɗanda za su zauna a gaba, kuma ya biya wa Inna kujera don ta tafi a jirgin da ɗanta ke tuƙawa. Zurmi ta ɗauka, har ana shirin walima. Na ƙirga makonni yadda takardata za ta isa hukuma a lokacin da ba sauran damar gyara. Na rubuta ta da hannuna, shafi huɗu, kuma wallahi ko kalma ɗaya ban soke ba. Na haɗa da kwafin kotu, da shaidar malamai biyu, da ta liman. A raina ina ta maimaita cewa rama cuta ga macuci ibada ce. Da aka dakatar da shi saura kwana kaɗan a fara tashi, na yi sujada. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, na ji daɗi irin wanda ban taɓa ji ba, kuma wani ɓangare na zuciyata har gobe yana jin daɗin.

Aka kira mu gaban kwamiti mu biyu. Da aka karanta ranar, aka karanta maganar mahaifiyarsa, bai musa ba. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago ya dube ni, ya ce a gaban kowa, har wurin Inna na je? Aka karɓe babban lasisinsa. Na gyara zama ina jiran a ce to a mayar wa mai awanni awanninsa. Sai shugaban kwamitin ya sa aka kawo faifan kwamfutar da awanninmu ke ciki aka buɗe, ya goge wani layi ya sake rubuta shi a gabanmu, ya ce wa zai iya nuna masa inda ya taɓa. Ba kowa. Ya ce abin da za a iya yi wa haka ba littafin matuƙi ba ne, allo ne da ake wankewa. Tafiya ɗaya aka tabbatar ta ƙarya ce a takardarsa, amma ba wata da za a iya tabbatar da gaskiyarta, a tasa ko a tawa. Duk abin da aka shigar a wannan manhaja an soke shi. Ya tambaya wa ya zaɓi wannan abu alhali akwai mai kullewa. Abokina ya ɗaga yatsa ya nuna ni. Na shiga ɗakin nan da rabin awannina, na fito ba ko ɗaya. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ni nawa sai da na auna shi da tsawona.

Inna ta tafi aikin hajji a shekarar, a jirgin da baƙo ya tuƙa. Da ta dawo ta aiko wa mahaifiyata tsarabarta, dabino da ruwan zamzam, ta kuma ba da saƙo gare ni. Mahaifiyata ta kira ni ta faɗa mini shi yadda aka faɗa mata, ba ta ƙara ba ta rage ba. Inna ta ce a gaya mini ta san ɗanta ya ci amanata, ta kuma ce masa ba ta yafe ba sai ya nemi gafarata. Ba ta yi mini baki ba, ba za ta yi ba. "Amma a hwaɗa mai, addu'ar da nika yi mai bayan kowace salla, na aje ta." Shi ke nan saƙon. Ta rasu bayan shekara uku, ban je jana'iza ba don ban san da wace fuska zan tsaya ba.

Mutane da yawa sun ce in yafe wa abokin nawa. Ya aiko sau biyu, na ce a gaya masa mu haɗu a gaban Wanda ya rantse da Shi. Yanzu yana da shagon kayan babur a Shinkafi, ni ina nan da allina a aji. Ranar kasuwa mukan yi kiciɓis, ba na gaishe shi, shi ma ya daina gwadawa. In jirgi ya wuce can sama duk mu biyu mukan ɗaga kai, ni kuma in na sauke nawa sai in dube shi don in tabbatar abin yana yi masa ciwo kamar yadda yake yi mini. Ban yi nadamar kayar da shi ba, ya cancanta. Abin da nake nadama biyu ne, kuma don su na rubuto.

Na farko ga 'yan'uwana matuƙa, musamman masu ƙaramin lasisi da ke tara awanni ɗaya ɗaya. In za ku zaɓi manhajar da za ta riƙe muku tashi da sauka, kada ku tambayi wacce ta fi sauƙi ko wacce ta fi fitar da takarda mai kyau. Ku tambaya, in an gyara tana nunawa? In ba ta nunawa ku guje ta, don wadda ta ɓoye kuskurenka ita za ta ɓoye ɓarawonka. Ku shigar da hannunku ko da yatsa ɗaya ne, ku riƙe na takarda, ku riƙa buɗe shi kuna kaɗe shi. Jan layin da na ji kunya, da shi ne zai tsaya mini a gaban alƙali. Na biyu ga duk wanda aka cuta, matuƙi ne ko manomi. Ba zan ce kada ka nemi haƙƙinka ba, ni ba waliyyi ba ne. Amma ka duba ta ƙofar wa za ka bi. Ina da liman, ina da maƙwabta, ina da garin Zurmi kaf, sai na zaɓi tsohuwar da ke ɓoye mini ƙanzo. Awannin nan da ina da ƙuruciya da hali zan iya sake tara su. Amma sau biyar a rana akwai mai ambaton sunana a gaban Allah ba tare da na roƙe ta ba, na je har ɗakinta da goro na rufe wannan baki da hannuna, kuma tun ranar ban samu wanda ya ɗora daga inda ta ajiye ba.